Tambayoyin Masu Karatu: Yaya gafiya take numfashi a cikin rami?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ringim a Jihar Jigawa. Bayan kaka yaranmu sukan fita haƙar gafiya, kuma na sha ganin rami mai zurfin da na rasa ta inda iska take shiga. Shin ɓera da gafiya ba sa buƙatar iska kamar mu ne? Ɗana da ke sakandare ya ce masana suna rage wa ɓeraye iska da gangan. Mene ne amfanin hakan?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Suna buƙatarta ƙwarai, har ma fiye da mu idan aka dubi ƙanƙantar jikinsu, domin zuciyar kusu takan buga fiye da sau 500 a minti guda. Abin da jiki yake nema a cikin iska shi ne oksijin, wanda yake kashi 21 cikin 100 a sarari, amma yakan ragu a rami duk da iskar da ke ratsawa ta cikin ƙasa.

A kowane gefen wuya, daidai inda jijiyar da ke kai jini ka ta rabu biyu, akwai wani ɗan ƙullutu wanda a jikin mutum bai wuce ƙwayar shinkafa ba. Shi ne mai gadi. Da zarar oksijin ya ragu a jini sai ya aika saƙo zuwa gindin ƙwaƙwalwa, nan take numfashi ya ƙaru, jijiyoyin da ke sarrafa zuciya da hanyoyin jini su farka, ba tare da dabbar ta yi niyya ba. Bayanin wannan aiki ne ya sa aka ba Corneille Heymans na ƙasar Beljiyam kyautar Nobel ta 1938.

Mataki na biyu ne ya fi ba ni mamaki, kuma shi ne amsar tambayarka. Idan ƙarancin ya ɗore, ƙaramar dabba ba ta dogara ga haki kaɗai, sai ta rage buƙatarta: zafin jikinta ya sauka, ƙona abinci ya ragu, kamar maigidan da ya ga rumbu ya yi ƙasa tun kafin damina sai ya rage awo. Babban mutum ba shi da wannan dabara sai kaɗan. Wani ɓera marar gashi da ke zaune a ƙarƙashin ƙasa a Habasha da Somaliya da Kenya ya ƙware ƙwarai a wannan, domin binciken da aka wallafa a 2017 ya nuna ya yi minti 18 babu oksijin ko kaɗan kuma ya farfaɗo.

Ɗanka ya faɗi gaskiya. A 1992 Eugene Fletcher na Amurka da abokan aikinsa sun riƙa rage wa ɓeraye oksijin na 'yan daƙiƙoƙi suna mayarwa, sa'o'i da dama kowace rana, kuma bayan makonni biyar ɓerayen suka kamu da hawan jini, amma waɗanda aka yanke wa jijiyar ƙullutun wuya ba su kamu ba. Wato mai gadin da aka yi ta razanawa yakan kasa kwantar da hankalinsa ko bayan iska ta dawo. Wannan ya taimaka wa likitoci su gane dalilin da ya sa mai minsharin da numfashinsa ke ɗaukewa cikin barci yake yawan samun hawan jini.

Sai dai hayaƙin da yara ke turawa rami wani abu ne dabam. Gubar da ke cikinsa tana manne wa jini ta hana shi ɗaukar oksijin, kuma ƙullutun wuya ba ya gane ta da kyau, saboda haka jiki ba ya samun gargaɗi. Ita ce gubar da ke kashe mutanen da suka kwana da garwashi a rufaffen ɗaki lokacin hunturu.