Ku Tambayi Anti: Jirginmu zai tsaya Zanzibar wuni ɗaya, ina za mu nufa?

Salamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Ni uwa ce daga Argungu, shekaruna 58, maigidana kuma ya ba 65 baya. Ɗanmu na fari da ke aiki a waje shi ya biya mana kuɗin tafiya a irin manyan jiragen ruwan nan na shaƙatawa da ake kwana ciki, wai mu je mu huta tunda Alhaji ya yi ritaya. To a takardar da ya turo jirgin zai tsaya tsibirin Zanzibar ƙarfe 8 na safe ya tashi 5 na yamma, kuma sun jero wuraren zuwa kusan goma kowanne da kuɗinshi da dala, ni dai kaina ya ɗaure wallahi. Alhaji ya ce kuɗin sun yi yawa, mu sauka kawai mu samu mai mota mu yi ciniki kamar yadda muka saba, ni kuma gabana sai faɗuwa yake. Ga shi yana fama da gwiwa, ni ko duk da a bakin Matan Fada na tashi ban iya ruwa ba. Mi za mu zaɓa?
Maman Sadiya, Argungu

Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya ba shi masu yi mishi shi ma.

Kafin mu taɓa maganar kuɗi bari mu fara ƙirga lokaci, don nan ne mutane suka fi yin kuskure. A takarda 8 zuwa 5 awa tara kenan, amma ba za ku ga awa taran nan ba. Manyan jirage galibi ba sa matsowa bakin gaɓa a Zanzibar, can cikin ruwa suke tsayawa sai a riƙa kwaso fasinja da ƙananan jirage rukuni rukuni, kuma waɗanda suka biya yawon kamfanin jirgin su ake fara saukewa, ku da za ku fita da kanku sai ku bi layi, kafin ƙafarku ta taka ƙasa tara da rabi ta yi ko ma goma. Ta ɗaya gefen kuma ƙarfe 5 ɗin nan lokacin tashi ne, lokacin da ake so kowa ya dawo ya riga shi, ƙaramin jirgi na ƙarshe zai iya barin gaɓa tun wajen ƙarfe 4. Cire azahar, cire cin abinci, cire hutun gwiwar Alhaji, abin da ya rage a hannunku awa huɗu ne ko biyar. Don haka wuri ɗaya za ku zaɓa Hajiya, in an matsa biyu da ke kusa da juna. Duk wanda ya ce zai kai ku wuri huɗu a wunin nan to a mota za ku ƙare yawon.

Sai maganar Alhaji. Yana da gaskiya, yawon da kamfanin jirgi ke sayarwa ya fi tsada, wani lokaci ma ya ninka abin da za a biya ɗan gari. Amma ki gaya mishi abin da ake saye da ƙarin kuɗin: in motar kamfanin ta makara jirgi zai jira ta, in kuma jiran bai yiwu ba su ne da alhakin kai ku tasha ta gaba. In da kanku kuka fita kuka makara ko da minti goma sha biyar ne, jirgi tafiyarshi zai yi, kayanku da magungunanku na ciki, ku kuna bakin ruwa, tikitin jirgin sama da otal da duk wata ɗawainiyar biza ta dawo aljihunku. Ba motar tasha ba ce da za a ce direba dakata akwai saura mutum biyu.

Na ga wannan da idona. A tafiyar da na yi wasu mata da miji suka ɗauki mota ta kai su Nungwi, can ƙarshen arewacin tsibirin, tafiyar kusan awa ɗaya da rabi ce daga gari, bakin tekun kam akwai kyau ba ƙarya, farin yashi kamar garin tuwo. A hanyar dawowa taya ta fashe, safeyar ma babu iska. Muna cikin ƙaramin jirgi na ƙarshe ma'aikaci na riƙe da igiya yana duba agogo sai ga su a guje, matar takalmi ɗaya a hannu, mayafi na jan ƙasa, da ta zauna kusa da ni hannunta rawa yake ta kasa ko buɗe robar ruwa sai ni na buɗe mata. Sun tsira, amma har muka isa babban jirgin ba ta ce uffan ba, hawaye kawai. Ba na so in ji labarin ke da Alhaji a irin wannan halin.

To ga yadda nake raba shi. In wurin na da nisa, ko sai an sake shiga ruwa kafin a kai, a biya na kamfanin a huta. In cikin gari ne inda ko ta ɓaci za a iya takowa a dawo, nan ɗan gari ya isa, kuma cinikin Alhaji zai yi amfani.

Da ni ce ke gonar kayan ƙamshi zan zaɓa da safe. Suna wajen Kizimbani da Kidichi, kamar rabin awa daga gari, tafiyar ƙafa kaɗan ce kuma a inuwa ake yin ta, ga benci in Alhaji ya gaji. Hajiya duk shekarun nan da kike zuba kanumfari a kunun zaƙi da yaji kin taɓa ganin shi a jikin bishiya? Ɗan tohon fure ne, kore kore yana ɗan yin ja, sai an shanya shi yake komawa baƙin nan da muka sani. Za a kankaro miki ɓawon kirfa da wuƙa a miƙo ki shinshina, a nuna miki masoro yana hawa bishiya kamar wake, a fasa gyaɗar ƙamshi a gabanki ki ga jan zaren da ya naɗe ta. Su da Suwahili karafuu suke ce wa kanumfari, da namu da nasu duk daga Larabci aka samo. Ni a wurin na fi daɗewa, sai da ɗan jagora ya yi ta kira na. Ki sayi tsarabarki a can ko a kasuwar Darajani, amma ki tafi da jakar yadi don Tanzaniya, ƙasar da Zanzibar ke ciki, ta hana leda tun 2019.

Da rana sai ku dawo tsohon gari, wanda Turawa ke kira Stone Town, UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lunguna ne matsattsu mota ba ta shiga, ƙofofin katako masu sassaƙa wasu da ayoyi a samansu, ga tsohuwar ganuwar da Larabawan Oman suka gina, ga fadar Beit al Ajaib ta Sarki Barghash ta 1883 wadda wani ɓangarenta ya rushe a 2020. Akwai kuma inda kasuwar bayi take kafin a rufe ta a 1873, coci aka gina a wurin, ana shiga ɗakunan ƙasa inda ake cewa nan ake tsare mutane, rufin gajere ne sai an sunkuya, wannan kam kar Alhaji ya shiga saboda gwiwa, ke in zuciyarki za ta ɗauka ki leƙa. Sallah da abinci ba abin damuwa ba ne, mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, masallatai ko'ina, hijabinki ma babu mai yi miki kallo biyu. Daga lambun Forodhani kina hango jirginku a cikin ruwa, hankali kwance.

Dajin Jozani inda jajayen birai suke shi ma yana da kyau, sai dai tafiyar kusan awa ɗaya ce a mota sannan a taka cikin daji, ku bar shi.

Yanzu abin da na fi so ki riƙe, agogo. Zanzibar ta riga Najeriya da awa biyu, kuma jirgi na da nashi lokacin da yake bi wanda wani sa'in ba ya daidai da na gari, wayarki kuma da ta kama netwok ɗin ƙasar za ta canza da kanta ba ta tambaye ki ba. Ki ɗaura agogon hannu ki saita shi da na jirgi kafin ki sauka. Bayan wannan mutanen can da Suwahili daga fitowar rana suke fara ƙirga awa, ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe ɗayansu, in direba ya ce saa tisa wato tara, ƙarfe 3 na rana yake nufi, saa kumi kuma ƙarfe 4. Kar ku yarda da baki kawai, Alhaji ya nuna mishi a fuskar agogo ko ya rubuta a takarda, kuma ku faɗa mishi lokacin da ya gaza na gaskiya da awa ɗaya. Takardar shirin rana da ake ajiye muku a ɗaki tana ɗauke da lambar wakilin jirgin a tashar, ki ɗauke ta hoto ki kuma sa takardar a jaka.

Masu tare baƙi a bakin tasha suna da yawa, 'yan garin da kansu papasi suke ce musu wato kaska. Ku nemi mai katin shaidar jagora, a gama ciniki tun kafin a shiga mota har da kuɗin ƙofa, kuma kar a biya duka sai an dawo da ku. Ku canji ɗan shilin na Tanzaniya, tsohuwar dala sau da yawa masu canji ba sa karɓa. Katin rigakafin shawara kuma kar ya rabu da fasfo.

*

Anti barka da aiki. Ni ango ne daga Birnin Kebbi, mu ma jirginmu zai tsaya Zanzibar kuma amarya ta nace sai ta ga manyan kunkurun nan da ta gani a TikTok, tana kuma so ta shiga teku. Ba ta taɓa hawa ko kwale-kwale ba. Ya zan yi?
Angon Hauwa, Birnin Kebbi

Allah ya sanya alheri ƙanena, ka kai ta. Kunkurun suna tsibirin Changuu, minti ashirin zuwa talatin a jirgi mai inji daga gari. Asalinsu daga tsibiran Seshels aka kawo guda huɗu kyauta a 1919, yanzu sun yi yawa, wasu sun haura shekara ɗari, in ɗaya ya miƙe tsaye ya kai turmi girma har ya fi. An gina kurkuku a wurin a 1893 amma ba a taɓa ɗaure kowa ciki ba, wurin killace masu ciwon shawara ya koma. Tunda sai an sake ratsa ruwa, wannan na kamfanin jirgi za ka biya, kuma na safe, don da rana iska kan taso ruwa ya yi ta jijjiga jirgi, wadda ba ta saba ba amai za ta yi ta yi.

Rigar ceto kuma ba a ciniki a kanta. Mu mutanen Kebbi ba sai an yi mana bayani ba, hatsarin jirgin da ya faru a ruwan Warrah a watan Mayun 2021 har yau akwai gidajen da ba su daina kuka ba. In ka ga jirgi ba riguna, ko an cika shi fiye da ƙima, ka kama hannun matarka ku fito ko da kun riga kun biya. Shiga ruwa kuma ta tsaya inda ƙafarta ke taɓa ƙasa, da rigar a jikinta, kai kana gefe. Akwai kayan wanka masu rufe jiki har da kai, ka saya mata tun daga gida a gwada, kar ta shiga da doguwar abaya don in ta jiƙe nauyi take yi ta naɗe ƙafa. Ta sa ɗan takalmin roba saboda ƙayar teku, ku kuma tafi da kayan canji a jaka daban.