Taubashi, Ba Tsoro Ya Sa Muke Faɗa da Kwamfuta Ba

Saƙonka na murya ya iso, kuma sau biyu na saurare shi. Na biyun tare da matata ne, don ta ji an ambace ta a ciki ta ce sai an maimaita mata. Ka ce wata uku ke nan kana gayyatarmu PUBG, gem ɗin harbi da mutane ke farautar juna, muna zillewa, da ka leƙa rukuninmu sai ka tarar ƙarti huɗu sun taru a kan dodon da kwamfuta ke juyawa. Ka kuma rufe da cewa dama Bahaushen da aka haifa a waje jininsa ya tsinke, ba ya iya tsayawa gaban namiji ɗan'uwansa ko a cikin waya. Kai abokin wasana ne tun kafin ɗayanmu ya san mene ne gem, don haka ba ni da bakin fushi. Sai dai ba kai kaɗai ke faɗin haka ba a cikin na gida, shi ya sa na zauna zan ba ka amsa a rubuce.

Ka tuna hoton da ka turo mana a makonka na farko a PUBG Mobile, kana taƙama ka kashe goma sha ɗaya? Mun yi maka barka, amma a bayan idonka dariya muka sha. Yawancin waɗanda ka kashe ba mutane ba ne. Masu gem ɗin suna cusa bot, wato 'yan wasan da kwamfuta ke juyawa, a wasannin sababbin shiga, su fito fili su tsaya suna harbin iska, don sabo ya ɗanɗani nasara kada ya goge gem ɗin a daren farko. Fortnite ma ta shigo da nata a 2019, kuma ita ɗin asalinta wasan haɗa kai ne a yaƙi dodannin kwamfuta, wanda ya fito a Yulin 2017, sai a Satumba aka ƙara mata na mutum ɗari da ya yi suna. Ashe kai ma da kwamfuta ka fara, kuma daɗin da ka ji ranar na gaske ne. Mu dai mun san da wa muke faɗa.

Ka ce kwamfuta banza ce, yaro ma zai ci ta. Kwamfutar da ta doke Garry Kasparov a wasan ces a 1997? Wadda ta ci Lee Sedol huɗu da ɗaya a wasan Go a 2016, ko wadda ta lallasa zakarun duniya na gem ɗin Dota 2 a 2019? Da masu haɗa gem sun ga dama, bot ɗinsu ba zai taɓa kuskuren kanka ba, kana leƙowa ka faɗi. Gwanintar tana wurin rage mata ƙarfi daidai yadda za ta ba ka wuya amma ta bar maka ƙofa. Shi ya sa dodo yake ɗaga hannu kafin ya kawo sara, ko ya yi wani gurnani, ya ba ka rabin daƙiƙa ka kauce in idonka na kansa. A Elden Ring akwai wata mai suna Malenia, duk saran da ta kai maka jininta ƙaruwa yake yi, ko da garkuwa ka tare. Dare tara na yi a gabanta. Na daina ƙirga mutuwata bayan ta sittin. Abin da ya riƙe ni shi ne duk faɗuwar da na yi na san laifina ne. Ba netwok, ba ɗan maguɗi, ba abokin da ya gudu ya bar ni. Ranar da ta faɗi hannuna rawa yake yi, na kasa ajiye hannun gem ɗin.

Akwai kuma wani abu da ku masu hawan matsayi ba ku son a faɗa. Tsarin da ke haɗa ka da abokan karawa ɗan gidan lissafin Arpad Elo ne, wanda aka yi wa 'yan ces, kuma aikinsa ya nemo maka daidai da kai. Ka ƙware, a kawo maka ƙwararru. Ka ƙara ƙwarewa, a kawo waɗanda suka fi su. A wasannin ƙungiya biyu, ƙarshenta kusan rabi ka ci rabi a ci ka, ko shekara nawa ka yi kana gumi. Lambar da ke jikin sunanka tana hawa, amma daren yau bai bambanta da na bara ba. A Monster Hunter kuwa, dabbar da ta cinye mini kusan dukan minti 50 ɗin da ake ba maharbi watan jiya, yau a minti goma sha biyu nake kwantar da ita, kuma ita ba ta canza ba, ni ne na canza. Mutumin da ya yini yana aikin da ba ya ganin ƙarshensa yana son ya ga hakan da idonsa.

Amma duk wannan hujjar 'yan gem ce, ko'ina za ka ji ta. Ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mu kusan goma sha biyar ne a rukunin, duk haihuwar waje, a warwatse. Wani yana shiga bayan ya kwantar da yara, wani lokacin ya tashi daga aikin dare. Ping, wato jinkirin netwok a milisakan, na wani 30, na wani ya haura 200. Haske a cikin wayar da ke ƙarƙashin teku kimanin kilomita 200 yake ci a milisakan ɗaya, don haka in tsakaninka da saba, kwamfutar da ke haɗa 'yan wasa, kilomita 5,000 ne, zuwa da dawowa milisakan 50 sun tafi tun ba a lissafa cunkoson hanya ba. A faɗan mutum da mutum, mai 200 ya riga ya mutu a bayan bango kafin ya ga wanda ya harbe shi. Dodon kwamfuta bai cika damuwa da wannan ba. A can ne kaɗai dukanmu za mu shiga ba a mayar da wani kaya ba.

Kuma hira muke zuwa yi. Wannan ne ku na gida ba za ku gane da sauƙi ba, don kai daga ka buɗe ido har ka kwanta Hausa ke shiga kunnenka, kyauta. Ni akwai ranar da zan wuni ban furta kalma ɗaya ta Hausa ba sai na sa abin kunne da dare. A wasanku ina wurin hira? Hagu, dama, ya faɗi, zon, da'irar filin wasa, na rufewa. Na ma saurari bidiyon da ka ɗora, kai da ke auna mana jini, rabin abin da ke fita bakinka rivayib ne da koba da enemi. A namu akwai tafiya tsakanin faɗa da faɗa. Masu Left 4 Dead tun 2008 suka sa wani darakta a cikin gem ɗin, wanda ke lura da yadda 'yan wasa suka jigata, ya turo musu gayya, in ya ga sun galabaita ya sassauta su numfasa. A irin wannan numfasawar ake tambayar jikin mahaifiyar wane, a ji wa ya samu aiki, a yi wa wane tsiya kan aurensa da ya ƙi zuwa. Ɗan Adam in yana farautarka ba ya ba ka wannan sararin.

Ɗana yana shekara goma sha ɗaya. Na san kun yi dariyar muryarsa da na turo, inda ya ce ƙanwarsa "ya tafi makaranta". Na ji, kuma abin ya taɓa ni fiye da yadda na nuna. Amma ka tambaye shi kwanton ɓauna, ka tambaye shi tsani, rijiya, garkuwa, sa kai. Duk a gem ya tsince su, a bakin baffanninsa na rukuni, don mun yi doka duk wanda ya nemi a tashe shi da wani yare sai ya ƙara minti ɗaya a kwance. Shekara biyu ina fama da shi a falo yana amsa mini da yaren makaranta. Dodo ɗaya ya danne shi ya yi ihu "Baba zo ka cece ni" tas, ba gargada.

Na taɓa gwada naku da shi, a wani wasan harbi da ba sai na kira sunansa ba. Makirfo a buɗe, na ce masa ya bi bayana. Wani da aka haɗa mu da shi ya ji yaren, ya fara kwaikwayonmu, daga nan ya gangara zuwa abin da ba zan rubuta ba. Yaron ya yi shiru, ya ce mu koma Turanci. Wanda aka haifa a ƙasa, ya girma a cikinta, amma har gobe ana tambayarsa asalinsa daga ina, ba ya bukatar ƙari da daddare a cikin ɗakinsa. Da na gida suna cewa ba mu cika Hausawa ba, na nan suna cewa ba mu cika 'yan ƙasa ba, ka bar mu da dodon da bai taɓa tambayar kowa ba.

Kawunka, Allah ya jiƙansa, yakan zauna bayana yana kallo sa'ad da nake yaro. Wata rana ya ce, "Wannan da kake ta jibga, ɗan wane ne?" Na ce Baba kwamfuta ce, ba kowa. Ya ce to madalla, ba mai kwana da haushinka. Mutumin da ya yi shekara arba'in da wani abu a cikin mutanen da ba nasa ba, bai taɓa tsayawa gaban alƙali da maƙwabci ba. Ku kuna iya kiran wannan sanyin jini. Ni na ga abin da ya ci masa kafin ya iya shi, kuma ban taɓa ganin ya sunkuyar da kai ga kowa ba.

Sai maganar matata, tunda ka sako ta. Ka ce ita ta lalata ni, wai auren bare ya mayar da ni mai wasan yara. E, ba Bahaushiya ba ce, kuma ban manta shekara biyu Goggo ta yi ba ta karɓar waya in ita ce a kan layi ba. Ba ta taɓa riƙe hannun gem ba sai a gidana. Da na jefa ta cikin mutum ɗari masu neman kanta, a daren farko za ta ajiye. A wasan haɗa kai ta fara, tana bin bayanmu tana tashin wanda ya faɗi, kuma Hausarta ta farko duk umarni ce: bi ni, gudu, tashe ni, kauce. Yanzu Helldivers 2 muke bugawa, na wani kamfanin Suwidin, wanda ya fito a Fabrairun 2024 ya sayar da kwafi miliyan 12 a mako goma sha biyu. Kowa a duniya ɓangare ɗaya yake a ciki, amma harsashin abokinka yana kashe ka kamar na maƙiyi. Ran nan ta kira bam ya sauka a tsakiyar kaina, ta juyo ta ce "Allah ya ba ka haƙuri, maigida", da muryar da ko Goggo sai ta sa mata albarka. Rukunin gaba ɗaya sai da aka kasa harbi don dariya.

Kada ka ɗauka mu muka ƙirƙiro wannan ra'ayin. Ultima Online ta fito a 1997, kowa na iya kashe kowa ya kwashe kayansa. A 2000 aka raba duniyarta biyu, aka buɗe Trammel inda ba mai taɓa ka sai da yardarka, kuma yawancin jama'a can suka kwashe. World of Warcraft a 2018 ta mayar da faɗan fili abin kunnawa da kashewa. Sea of Thieves ta buɗe tekun da ba 'yan fashi na mutane a ƙarshen 2023. Tun 1996 Richard Bartle ya kasa 'yan wasa gida huɗu: masu tara nasara, masu yawon gano wuri, masu zuwa don jama'a, da masu farautar mutane. A cikin huɗun nan na ƙarshen ne ba sa jin daɗi sai da wanda za su farauta, shi ya sa duk lokacin da aka buɗe wa mutane ƙofar fita su ne ke fara kuka. Ban ce da kai nake ba.

Ba na musun cewa namu yana da nasa aibun. Kwamfuta in ka haddace ta ta zama karatun baya, kuma akwai daren da za ka kashe dodo ɗaya sau goma don neman ƙaho guda, har ka tambayi kanka ko aiki ka dawo. Bugun zuciyar da ake ji in an rage ku biyu a da'irar ƙarshe, ban samu irinsa a wurin kwamfuta ba sai a gaban Malenia. Akwai ma ƙaramin cikinmu da ke hawan matsayi shi kaɗai bayan mun watse, kuma na ga lambarsa, ta fi taka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Asabar mai zuwa ɗayanmu yana aikin dare, gurbi ɗaya cikin huɗu a buɗe yake. Ka ce ƙaninka yana da PlayStation 5, ka are ta, da masu kwamfuta duk wuri ɗaya ake haɗuwa. Za mu sa maka matakin wahala na bakwai a Helldivers 2 mu ga jinin da bai tsinke ba. Matata ta ce sau biyu kawai za ta tashe ka, na ukun sai ka roƙe ta da Hausa tsantsa, ba rivayib. Ka gaida Goggo da kyau.