Ko lalaci ne ke hana samari baƙaƙen fata aiki a Amurka?

Malam, ka tambaya ko lalaci ne yasa samari baƙaƙen fata suka fi turawa zaman kashe wando a Amurka, wallahi ba haka bane. Masana'antun da iyayensu suka dogara dasu irin na motoci a birnin Ditroit sun yi ta sallamar ma'aikata, ga gidan yari da ke kwashe su da yawa, in mutum ya fito ma wa zai ɗauke shi? Abin da yafi ci min rai shine binciken wata masaniyar zamantakewa mai suna Devah Pager na 2003, ta tura samari neman aiki a birnin Milwoki da takardu iri ɗaya, baturen da yace ya taɓa zaman kurkuku masu ɗaukar aiki suka kira shi kashi 17 cikin ɗari, baƙin da bai taɓa laifin komai ba kashi 14 kacal.