Amsoshin Tambayoyinku: Wanda aka sako ta hanyar ciniki, ya sami 'yanci ke nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin firamare ne a nan Katsina, kuma ina yawan sauraron labaran duniya a rediyo. Nakan ji an ce Rasha ko Iran ta kama wani Ba'amurke ta ɗaure shi, bayan an ɗau lokaci kuma a ce an yi musayar fursunoni ya koma gida, ana ta murnar ya sami 'yanci. Mun yi gardama a majalisarmu, wasu suka ce laifi mutanen nan suke yi, wasu kuma suka ce garkuwa ake yi da su. Wane ne ke da gaskiya, kuma me ya sa kukan Amurkawa kaɗai duniya take ji?
Daga wani mai karatu, Ƙofar Ƙaura, Katsina.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah Ya saka da alheri. Kowane ɓangare na majalisarku yana da abin riƙewa, amma masu cewa garkuwa ce sun fi kusa da gaskiya.

Mu fara da Brittney Griner, 'yar wasan ƙwallon kwando ta Amurka da aka kama a filin jirgin saman Mosko a watan Fabrairun 2022 da ɗan man tabar wiwi a kayanta. Ta amsa laifinta a gaban alƙali, dokar Rasha kuma ta haramta abin, saboda haka ba za a ce ƙage aka yi mata ba. Sai dai an yanke mata ɗaurin shekara tara, kuma tun shekarar ba ta ƙare ba aka kai ta Abu Dhabi aka miƙa ta, Rasha ta karɓi Viktor Bout, dillalin makaman da kotun Amurka ta ɗaure shekara 25. Laifin ya tabbata, amma tsarewar ta zama jarin ciniki.

Lamarin Evan Gershkovich, Ba'amurke wakilin jaridar Wall Street Journal, ya fi wannan fitowa fili. An kama shi a birnin Yekaterinburg a watan Maris na 2023 bisa zargin leƙen asiri, aka yi shari'arsa a asirce ba tare da an nuna wa duniya hujja ba, aka yanke masa shekara 16 a watan Yulin 2024. Mako biyu bai cika ba, ranar 1 ga Agusta, sai ga shi a Ankara cikin musayar fursunoni 24, tare da wani Ba'amurken, Paul Whelan, wanda yake tsare tun 2018. Wanda Rasha ta fi ƙwallafa rai a kansa shi ne Vadim Krasikov, da ke zaman ɗaurin rai-da-rai a Jamus saboda kisan wani mutum a birnin Berlin a 2019, kuma Shugaba Putin da kansa ya tarye shi a filin jirgi. Duk mai hankali ya ga cewa hukuncin kotun nan farashi aka sa.

Iran ta daɗe a wannan hanya, tun daga 1979 da aka riƙe Amurkawa 52 na ofishin jakadanci a Tehran har kwana 444. A watan Satumban 2023 ta saki Amurkawa biyar bayan an mayar da kuɗinta kusan dala biliyan shida daga Koriya ta Kudu zuwa Katar. Koriya ta Arewa kuwa ta ɗaure ɗalibi Otto Warmbier a 2016, ta mayar da shi gida a sume a watan Yunin 2017, ya mutu bayan 'yan kwanaki.

Mutumin Katsina ba ya buƙatar dogon bayani a kan wannan, domin mun san abin da 'yan bindiga suke yi a Batsari da Jibiya da Ƙanƙara. Lissafin ɗaya ne, wato a kama wanda ake so a ransa domin a tatsi mai sonsa, haka kuma tsaka-mai-wuyar ɗaya ce, domin wanda ya biya fansa ya ceci nasa amma ya koya wa mai kamu cewa sana'ar tana ci. Bambancin kawai shi ne ɗan bindiga ba ya da'awar bin doka, gwamnati kuwa tana da alƙali da hatimi da takardar tuhuma, kuma ni a ganina wannan ya fi muni, saboda kotun da ya kamata a kai ƙara ita ce aka mayar makami.

Dalilin da ya sa ake jin kukan Amurkawa kuwa, ƙasarsu tana da abin bayarwa kuma tana da bakin magana. Tun 2015 ta naɗa wakili na musamman na shugaban ƙasa a kan waɗanda aka yi garkuwa da su, a 2020 kuma ta yi dokar da ke ɗauke da sunan Robert Levinson, wanda ya ɓace a tsibirin Kish na Iran a 2007, dokar da ta bai wa sakataren harkokin waje ikon bayyana cewa an tsare wane ba bisa ƙa'ida ba. Ga kuma manyan jaridu da ba sa bari a manta da sunan mutum. Amma kada wannan ya sa a ɗauka hannun Amurka tsaf yake, domin tun watan Janairun 2002 ta tsare mutane kusan 780 a Guantanamo, mafi yawansu Musulmi, kuma akasarinsu ba a taɓa tuhumarsu da komai ba. Zaluncin da ta yi bai halatta wanda aka yi wa ɗan jaridarta ba, kamar yadda nasa bai wanke nata ba.

Yanzu ga batun 'yanci, wanda shi ne ƙashin bayan tambayarka. Cikin waɗanda aka saki a Ankara har da 'yan adawar Rasha, ɗaya daga cikinsu kuma, Ilya Yashin, ya fito ya ce shi bai nemi a yi musaya da shi ba, korarsa aka yi daga ƙasarsa. Wannan ya tuna mini da ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, wanda manzon sarki ya zo fitar da shi daga kurkuku amma ya ƙi fita sai an binciki maganar matan da suka yanke hannuwansu, domin ya san buɗe ƙofa daban, wanke suna daban. Wanda aka sako ta hanyar ciniki ya tsira, iyalinsa kuma sun cancanci murna, amma ƙarfin fasfo ɗinsa ne ya fitar da shi. Jagoran 'yan adawar Rasha Alexei Navalny, da ba shi da wannan gata, ya mutu a gidan yari a watan Fabrairun 2024. Ni abin da nake kira 'yanci shi ne a ce ba mai iya tsare ka sai da dalilin da za a faɗa a bainar jama'a, a gaban alƙalin da ba yaron mai tsare ka ba ne, ko kana da gata ko ba ka da shi.

Tarihin jiharmu ma shaida ne. Dokar soja mai lamba 2 ta 1984, a zamanin Janar Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ta ba da ikon tsare mutum ba tare da shari'a ba, bayan juyin mulkin Agustan 1985 kuma shi kansa aka tsare shi har ƙarshen 1988 ba a kai shi kotu ba. Janar Shehu Musa 'Yar'aduwa ya rasu a gidan yarin Abakaliki a watan Disamban 1997 a zamanin Abacha. Yau sashe na 35 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tsakanin kilomita 40, duk da haka mafi yawan mazauna gidajen yarin Najeriya masu jiran shari'a ne, kuma ba wata ƙasa da za ta aiko jirgi ta ɗauke su.

TAMBAYA: Malam, ɗana zai tafi karatu ƙasar waje. In an kama shi a can, Allah Ya kiyaye, me zai yi?
Daga wata uwa, Daura.

AMSA: Amin, Hajiya, Allah Ya kai shi lafiya. Yarjejeniyar Vienna ta 1963 ta bai wa baƙon da aka kama damar neman a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa, to wannan ne abu na farko da zai nema, kuma kada ya sa hannu a takardar da aka rubuta da harshen da bai iya ba sai da tafinta da lauya. Da isarsa ya je ofishin jakadancin Najeriya ya ba da sunansa da adireshinsa. Ki kuma ja masa kunne kada ya karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da na ɗan unguwa ne, kuma ya bincika ko magungunan da zai tafi da su halal ne a dokar ƙasar, domin wasu ƙasashe suna ɗaure mutum a kan ƙwayar da ake sayarwa a kemis a nan.