Na gyara eriya, SWR ya ƙi zama: laifin kebul ne?

Tambaya: Assalamu alaikum. Iskar farkon damina ta tsinka hannu ɗaya na eriyata, dipole ce, wato eriyar waya mai hannu biyu, ta rediyon watsa magana a zangon mita 20. Na sauke na gyara na mayar. A da SWR, ma'aunin ƙarfin da ke dawowa daga eriya, yana kan 1.3, yanzu ya haura 3, kuma allurar na rawa duk sanda iska ta kaɗa. Tsawon hannuwan daidai yake, na sake aunawa. Kebul ɗina RG-58 ne, shekararsa huɗu a sama. Ina matsalar take? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Rawar allurar nan ce ta tona asirin. Da tsawon eriya ne ya kauce, lambar za ta yi muni amma ta tsaya wuri guda. Tunda tana bin iska, akwai inda ƙarfe ke haɗuwa yana rabuwa. Fara leƙa wurin da ka ɗaure: in murɗawa kawai ka yi ba dalma, gyara shi. Amma na fi zargin mahaɗin sama, wato filogin da ya haɗa kebul da eriya, domin ranar da hannun ya tsinke, da ranar da ka sauke eriyar, nauyin kebul ɗin gaba ɗaya a wuyansa ya rataya.

Ka daina watsa magana har sai ka gano, kuma kada ka hau sama in hadari ya haɗu. Cire kebul ɗin daga rediyo, ka cire shi daga eriya ma. Wannan na biyun tilas ne, don wasu balun, 'yar na'urar da ake sawa tsakanin kebul da eriya, sukan nuna kamar an yi shot alhali lafiyarsu ƙalau. Ɗora mita mai auna ohm tsakanin tsinken tsakiya da jikin mahaɗin: bai kamata su ga juna ba. Sai ka haɗe su a ɗaya bakin da guntuwar waya ka sake aunawa. Kebul mai tsawon mita 20 ba zai wuce ohm ɗaya zuwa biyu ba. Kana aunawa, wani ya riƙa lanƙwasa shi a hankali kusa da mahaɗan. Sau da yawa sili ɗaya ne tak na saƙar tagullar da ke ƙarƙashin rigar kebul, siriri kamar gashi, ya kauce yana taɓa tsakiya.

Sai dai mita ba ta ganin ruwa, kuma nan ne mutane suka fi ruɗuwa. Mahaɗin PL-259 ba ya hana ruwa shiga. Da zarar salatif ya buɗe, saƙar takan tsotse ruwan kamar lagwanin fitila, ya yi ta gangarawa ciki. Kebul irin wannan yana shanye ƙarfi, kuma abin takaici, yakan sa SWR ya yi kyau a ido, saboda abin da ya dawo daga eriya ma a hanya yake ƙarewa. Don haka ko ka sa eriyar gwaji mai ohm 50 a ƙarshensa ka ga 1.1, kada ka saki jiki. In kana da NanoVNA, na'urar gwada eriya da kebul, bar bakin can a buɗe ka auna SWR a 14 MHz. Lafiyayyen kebul zai nuna lamba mai yawa ƙwarai. Idan ka ga 3 kacal, rabin ƙarfinka ke nan yake zama zafi kafin ya kai sama. Na'urar tana iya nuna maka nisan inda raunin yake, in ka saita ma'aunin saurin sigina a cikin RG-58 a 0.66.

In babu na'ura, reza ta wadatar. Fere baƙar rigar kusa da mahaɗin sama. Tagulla mai ƙyalli lafiya ce. In ta yi baƙi ko kore, ko tana ƙin kama dalma, ci gaba da yankewa har ka tarar da mai ƙyalli. Idan ka ci mita biyu ba ka same ta ba, ni dai shawarata ka sauya shi duka. Kuma kada a sayar maka da wayar dish, RG-6 ce mai ohm 75, galibi saƙarta ta alminiyam ce. In aljihu zai ɗauka, RG-213 ya fi juriya.

Wajen sa sabon mahaɗi, kada ka daɗe da ƙarfen dalma a kai, farar robar ciki tana narkewa tsinken ya karkace. Naɗe shi da tef ɗin roba mai manne kansa, ka bi da baƙin salatif daga ƙasa zuwa sama. Sannan ka ɗaure kebul ɗin a jikin abin da ya riƙe tsakiyar eriyar, don nauyin ya sauka daga kan mahaɗin, ka bar masa ɗan lanƙwasa ƙasa kafin ya shiga ɗaki, ruwa ya ɗiga a waje.