Amsa kan rage wa yara raɗaɗi bayan tiyata ba da magani kaɗai ba

'Yar'uwa, kin tambaya ko dabarun da ba na magani ba suna rage wa yaro raɗaɗi da gaske bayan tiyata, ko kuwa lallashi ne kawai. Abin da na gani a shekarun da na yi ina aikin jinya a ɗakin yara shi ne suna aiki, amma sai an haɗa su da maganin da likita ya rubuta. Yaron da aka yi wa aikin ciki ba zai daina jin zafi don an ba shi labari ba, a fara ba shi maganinsa a kan kari.

Inda aka fi samun cikas shi ne lokaci. Idan aka bari sai yaro ya soma ihu, tsoro ya riga ya cakuɗe da zafi, babu wasan da zai shiga kansa. Don haka kafin a taɓa bandeji ake kiran mahaifiyarsa ta zauna kusa, a faɗa masa gaskiyar abin da za a yi da kalmomin da zai gane. Kada a ce masa babu zafi alhali akwai, domin daga ranar ba zai sake yarda da mai farin kaya ba. Busa kumfar sabulu tana sa shi dogon numfashi ba tare da ya sani ba, matashi kuma idan ya rungume a ciki lokacin tari yana hana ɗinkin jijjiga. Shafa da tausa ma suna da tushe, tun 1965 masu bincike Melzack da Wall suka bayyana yadda taɓa fata ke rage saƙon zafi a laka kafin ya kai ƙwaƙwalwa.

Jarirai kuwa, rungumar fata da fata da shayarwa sun fi komai, idan an yarda su sha. Ruwan sukari mai kashi 24 cikin 100 da ake ɗiga musu a baki minti 2 kafin allura yana taimakawa ga ɗan gajeren zafi ne, ba ga ciwon tiyata ba.

Ki riƙa auna zafi da ma'aunin FLACC (wanda ke duba fuska, ƙafafu, motsi, kuka da yadda yaro ke lallasuwa) ga waɗanda ba su iya bayani ba, kafin dabarar da bayanta, ki rubuta a fayil don mai karɓar aiki ta san dabarar da ta yi wa yaron aiki. Wanda ya yi shiru ya sandare a gado, ki duba shi sau biyu, wani tsoron motsi ne ya hana shi kuka.