Kyamara, makirufo ko katin memori: ina kuɗin ya fi dacewa?

Tambaya: Na tara kuɗi zan fara ɗaukar hira da taruka. In zuba su duka a kyamara mai 4K?

Amsa: Kada ka zuba su duka, ɗan'uwa. 4K yawan ɗigon hoto ne kawai, 3840 a kwance da 2160 a tsaye, kuma wayoyin hannu ma suna da shi. Fara duba girman sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara. Mai milimita 36 da 24 ta fi ta APS-C, mai kusan 24 da 16, tattara haske, don haka hotonta a wuri mai duhu bai cika yin tsaki-tsaki ba. Sai zurfin launi. Kyamara mai bit 8 tana raba kowane launi mataki 256, mai bit 10 kuwa 1024. Ɗauki sararin sama gab da magariba da bit 8, ka matsa launin wajen tacewa, za ka ga saman ta tsattsage layi-layi. In kana da niyyar gyaran launi sosai, nemi bit 10 ko da ba sabuwar fitowa ba ce.

Ragowar kuɗin kuma ka kai su wajen sauti, a nan yawancin masu farawa ke tafka asara. Makirufon jikin kyamara yana can nesa da bakin mai magana, ƙarar fanka da amsa-kuwwar ɗaki yake kwasowa, kuma da wuya manhaja ta wanke wannan tas. Sayi ƙaramin makirufo na maƙalawa a riga, ka ɗaura shi kamar taƙi ɗaya ƙasa da haɓa, inda tufafi ba za su goge shi ba. In dogon makirufo na sanda ka zaɓa, da yawansu suna buƙatar kafar XLR, wato wurin jona makirufo mai ramuka uku, mai ba da wutar bolt 48, to ka tabbatar kyamararka ko rikodarka tana da ita kafin ka biya. Saita ƙarfin murya yana kaiwa wajen -12 a ma'aunin sauti na na'urar, domin in ya taɓa 0 sautin ya fashe ke nan. Kuma abin saurare ya kasance a kunnenka har a tashi.

Tambaya: Kyamarata tana katse ɗauka bayan 'yan daƙiƙu, alhali an rubuta 170 a jikin katin. Ta lalace ne?

Amsa: Da alama lafiyarta ƙalau, Malama. Wannan babbar lambar yawanci saurin karantawa ce, ke kuwa saurin rubutawa kike buƙata. Nemi harafin V a jikin katin: V30 yana nufin ba zai gaza megabait 30 a daƙiƙa ba, haka V60 da V90. Kyamara da megabit take lissafi, ba megabait ba, sai ki raba da 8 ki samu megabait. Megabit 100 ya zama megabait 12.5, V30 ya wadatar, kuma awa ɗaya za ta ci kusan gigabait 45. Megabit 400 kuwa megabait 50 ne, dole sai V60 ko sama. Ki goge katin daga cikin kyamarar, ba a kwamfuta ba, bayan kin kwafe aikinki wuri biyu. Jabun kati ma yana jawo wannan matsalar.

Tambaya: Hotona yana ƙyaftawa a ƙarƙashin fitilar ɗaki. Sai na sayi fitilun aiki?

Amsa: Gwada saiti tukuna. Inda wutar lantarki ke tafiya a 50Hz, ɗauki firam (wato hoto) 25 a daƙiƙa, saurin shota (wato tsawon lokacin da haske ke shiga don kowane hoto) 1/50 na daƙiƙa. Inda take 60Hz, kamar Amurka, firam 30 da 1/60. In ƙyaftawar ta ƙi tafiya, matsalar daga ƙwan LED mai araha take, musamman idan an rage haskensa, sai a kashe shi a kunna fitilar da aka ƙera don bidiyo.